Tambayoyi da amsoshi kan giɓin asusun fansho idan an haɗa wa ma'aikaci shekarunsa na baya

Tun da aka sanar da sabuwar dokar Ta'aminat, wato hukumar inshorar ma'aikata da fansho ta Saudiyya, a watan Yulin 2024, da wuya a yi zaman shayi a unguwar Misfala ko Shari'u Mansur a Makka a tashi ba a taɓo zancen ritaya ba. Da yake aikin lissafi nake yi, 'yan'uwa kan tare ni da tambayoyi, wani a ƙofar masallaci, wani a waya bayan Isha. Yawancinsu a wuri guda suke tsayawa: shekarun da mutum ya yi a wani aiki kafin ya shiga na gwamnati, yaya za a yi da su, kuma wa zai biya kuɗinsu? Na tattaro tambayoyin da suka fi yawan dawowa. Alƙaluman da ke cikin misalan ni na zaɓe su don a gane lissafin, ba na wani mutum ko wata hukuma ba ne.

Me ake nufi da haɗa shekarun baya?

Mutum ne ya yi aiki a kamfani, ko ya yi wa gwamnati aikin kwantiragi, daga baya aka ba shi gurbi na dindindin. Idan aka yarda a ƙirga masa waɗancan shekarun na farko cikin shekarun da za a yi masa lissafin fansho da su, an haɗa masa hidima ke nan. Da yawa daga cikinmu sun shiga wannan hali bayan umarnin Sarki Abdullah na 2011, wanda ya sa aka tabbatar da ma'aikatan gwamnati na wucin gadi a guraben dindindin.

Ai shekarun nan na yi musu gumi. Ta ina kuma giɓi ya fito?

Wani dattijo maƙwabcina ya yi mini wannan tambayar ransa a ɓace. Ya ce, "Ɗana, shekara goma ina fita kafin asuba, yanzu a ce haɗa mini su asara ce ga asusu?" Na ce, "Baba, guminku ba wanda ya isa ya musa shi. Asusun ne ba ya biyan fansho da gumi, sai da kuɗin da aka zuba masa."

A nan maganar take. Kowace shekara da aka ƙara wa mutum alkawari ce ta ƙarin kuɗi duk wata har ƙarshen rayuwarsa, sannan ga iyalinsa bayansa. Alkawarin ana auna shi da albashin ƙarshe, wanda ya fi kowane girma. Kuɗin da aka cire a shekarun baya kuwa an cire shi ne daga albashin wancan lokacin, sa'ad da mutum yake sabon shiga. Tazarar da ke tsakanin abin da aka yi alkawari da abin da aka tara ita ce giɓi. Ba laifin ma'aikaci ba ne, kuma ba dole ba ne a ce wani ya ci kuɗi. Amma bashi ne, kuma ranar da aka sa hannu a takardar haɗin aka ci shi.

Yaya ake lissafin fanshon kansa a nan Saudiyya?

A tsarin ritaya na ma'aikatan farar hula, ana ɗaukar tushen albashin ƙarshe, a ninka da shekarun hidima, a raba 40. Wanda ya cika shekara 40 zai tafi da tushen albashinsa cikakke. A tsarin soja ana rabawa 35. A Ta'aminat, wadda ma'aikatan kamfanoni ke ƙarƙashinta, ana ɗaukar matsakaicin albashin shekara biyu na ƙarshe, a ninka da watannin da aka biya, a raba 480. Wata 480 shekara 40 ce, don haka awon ɗaya ne: kowace shekara tana ba mutum kashi 2.5 cikin 100. A tsarin farar hula da na Ta'aminat, kashi 9 ake cirewa daga ma'aikaci, wanda ya ɗauke shi aiki ya zuba kashi 9, jimla 18.

Wannan shi ne tsarin da tsofaffin ma'aikata ke kai. Sabbin shiga da ba su da ko wata ɗaya a rajista kafin dokar 2024, shekarun ritayarsu 65 ne, kuma abin da ake cirewa yana hawa da rabin kashi duk shekara daga Yulin 2025 har ya kai kashi 11 a kowane ɓangare.

A nuna mana lissafin giɓin da misali.

Mu ɗauki mutumin da ya yi shekara 10 a kamfani yana karɓar riyal 5,000. Ya shiga aikin gwamnati, ya yi shekara 10, saura masa 15 ya yi ritaya. Ana sa ran tushen albashinsa na ƙarshe zai kai riyal 12,000.

In ba a haɗa masa komai ba, shekararsa 25 ce: 12,000 sau 25 a raba 40, riyal 7,500 a wata. In an haɗa, shekara 35: riyal 10,500. Haɗin ya ƙara masa riyal 3,000 a wata, wato 36,000 a shekara. Wannan ƙarin kaɗai za mu bi, sauran ba ruwanmu da shi.

Mu ƙaddara za a yi shekara 20 ana biya. In aka tara kai tsaye riyal 720,000 ne. Sai dai asusun ba ya buƙatar ya riƙe 720,000 a ranar ritaya, domin ba rana ɗaya zai biya ba, kuma abin da ya rage a hannunsa yana cikin jari yana haihuwa. In jarin yana kawo kashi 4 cikin 100 a shekara, kimanin riyal 489,000 a ranar ritaya ya isa a biya 36,000 har shekara 20, ya ƙare daidai. To ritayar ma sai nan da shekara 15. Kuɗin da za a ajiye yau ya girma ya kai 489,000 a shekara 15 shi ne kimanin riyal 272,000. Wannan ne nauyin alkawarin a kuɗin yau.

Sai mu juya ɗaya ɓangaren. Kashi 18 na riyal 5,000 shi ne 900 a wata, 10,800 a shekara, 108,000 a shekara goma. Da haihuwar kashi 4 ya kai kusan 130,000 lokacin da ya bar kamfanin, ya ƙara shekara goma yana juyawa ya kai kimanin 192,000 yau.

A cire 192,000 daga 272,000, saura riyal 80,000. Giɓin mutum ɗaya ke nan. In ana so a faɗa ta wata fuska, kusan kashi 71 cikin 100 na alkawarin ne ke da kuɗi a ƙasa, sauran kashi 29 yana kan takarda.

Abin da nake so a lura da shi: ba wanda ya ƙi biya a wannan misalin. Ma'aikaci ya biya, kamfani ya biya, jari ya kawo abin da aka zata. Giɓin ya fito ne kawai saboda an tara a kan 5,000 za a biya a kan 12,000. Masu lissafin hukuma, waɗanda a nan ake kira iktuwari, ba sa ɗaukar shekara 20 a dunƙule kamar yadda na yi. Suna bin jadawalin shekaru, kowace shekara da yiwuwar mutum ya kai ta, da yiwuwar ya bar aiki ko ya naƙasa kafin lokaci. Amma ƙashin bayan lissafin shi ne wannan.

Wannan kashi 4 ɗin ba kuɗin ruwa ba ne?

A lissafin, ba bashi aka ba wani aka ɗora masa ƙari ba. Ƙiyasi ne na abin da dukiyar asusun za ta kawo daga hannun jari, gine-ginen haya, sukuk da makamantansu. Ta'aminat tana da kamfanin da ke juya mata dukiya, Hassana. Ko da a ce duk jarin kasuwanci ne tsantsa, dole mai lissafi ya sa wani adadi, domin riyal ɗin da za a biya nan da shekara 15 ba daidai yake da riyal ɗin da ke hannu yau ba. Hukuncin kowane irin jari a shari'a kuwa na malamai ne, su za a kai wa.

Me ya sa masana biyu za su duba asusu ɗaya su kawo adadi mabambanta?

Saboda abubuwa uku da ba wanda ya riƙe su a hannu: abin da jari zai kawo, tsawon rai, da inda albashi zai tsaya.

A koma kan mutuminmu, kuɗin da ke ƙasa yana nan 192,000. In aka ce jari kashi 3 zai kawo nan gaba, nauyin alkawarin ya tashi zuwa 344,000, giɓin ya zama 152,000. In aka ce kashi 5, nauyin ya sauka zuwa 216,000, giɓin ya koma 24,000 kacal. Kashi ɗaya sama ko ƙasa ya ninka giɓin kusan biyu, ko ya kusa shafe shi, alhali ko riyal ɗaya bai shiga asusun ba kuma bai fita ba. Shi ya sa duk inda na ga an rubuta adadin giɓi ba a faɗi kashin da aka yi aiki da shi ba, ba na ɗaukar adadin da nauyi. Wanda yake so ya kwantar wa mutane hankali ba sai ya yi ƙarya ba, ya isa ya zaɓi ƙiyasi mai daɗi.

Tsawon rai na Allah ne, amma mai lissafi dole ya rubuta wani abu. In shekara 25 za a biya maimakon 20, giɓin ya tashi daga 80,000 zuwa 120,000. Kuma fansho ba ya tsayawa da rasuwar mai shi. Matarsa tana karɓa, 'ya'ya mata har su yi aure, maza har shekara 21, ko 26 in suna karatu. A gidaje irin namu, inda mutum kan yi ritaya da auta a firamare, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Sai albashi. In mutumin ya samu ƙarin girma a shekarun ƙarshe ya tsaya a 15,000, nauyin ya zama 340,000, giɓin 148,000. Ƙarin girma ɗaya yana komawa baya ya ɗaga darajar dukkan shekarun, har da waɗanda aka yi a kamfani a kan riyal 5,000.

In kuma ba a taɓa cire komai ba a waɗancan shekarun fa?

To duk 272,000 ɗin giɓi ne. Wasu kan ce ai sai a bar mutum ya biya kasonsa na baya a wuce wurin. Kashi 9 na riyal 5,000 a shekara goma riyal 54,000 ne. Ya biya, an karɓa, saura 218,000 ba mai ɗauka. Abin da ya ɓace shi ne kason wanda ya ɗauke shi aiki, da shekarun da kuɗin ya kamata ya yi yana haihuwa, da bambancin albashi. Irin wannan haɗin shi ya fi kowane illa ga asusu, domin kowa yana tafiya da zaton an biya.

Wace doka ce ta tsara haɗin tsakanin aikin kamfani da na gwamnati?

Dokar musayar amfani, Tabadulul Manafi'i, ta shekarar 1424 Hijiriyya, daidai da 2003. Kafin ta, wanda ya tsallaka daga wani tsari zuwa wani yakan tarar da shekarunsa a rabe. Ta ba da dama a haɗa, bisa sharuɗɗa. Daga ciki: kada mutum ya riga ya karɓi kuɗin sallama ko fansho a kan shekarun farko, kada shekarun su gaza ɗaya, kuma kada ya wuce shekara 59 lokacin da ya nema. Tsarin farko yana tura wa na ƙarshe wani adadi da ake fitarwa daga jadawalin iktuwari, ba jimlar abin da aka cire kawai ba. Ni na yi amfani da abin da aka tara ne don misalin ya yi sauƙi.

A 2021 aka narkar da hukumar ritaya cikin Ta'aminat suka zama gida ɗaya. Wannan ya rage zirga-zirga tsakanin ofisoshi, amma bai shafe lissafin ba. Kuɗi ya bar aljihun dama ya koma na hagu, ƙarin riyal 3,000 da aka yi wa mutum alkawari yana nan sai an biya.

Me ya sa aka ce shekarun da aka haɗa ba za su cike mini sharaɗin ritayar wuri ba?

Wannan ita ce tambayar da ta fi ƙona wa mutane rai, kuma na fahimci dalili. A ƙa'idar dokar, shekarun da aka haɗa suna ƙara yawan fansho, amma ba sa cike shekarun da tsarin ƙarshe ke nema don a fita kafin shekara 60, sai in haɗin ya zo ne ta dalilin mayar da ma'aikatar hannun 'yan kasuwa ko sauya mata tsari, ko kuma aikin ya ƙare da rasuwa ko naƙasa.

Dalilin yana cikin lissafi. Ritayar wuri tana cin asusu ta baki biyu: ana daina zuba masa kashi 18, kuma ana fara biya tun da wuri har a daɗe ana biya. Da an bar mutuminmu ya fita shekara 10 kafin lokaci, ba ƙarin 3,000 kaɗai za a duba ba, dukkan fanshonsa ne zai fara fita shekara 10 kafin ranar da aka yi masa tanadi. A ganina sharaɗin yana da hujja. Abin da ba shi da hujja shi ne mutum ya ajiye aiki bai san da shi ba, don haka a tambaya tun kafin a rubuta takardar ajiyewa.

Shekarun Hijiriyya ko na Miladiyya, akwai bambanci?

Akwai. Shekarar Hijiriyya ta gaza ta Miladiyya da kimanin kwana 11, har shekara 33 na Hijiriyya su yi daidai da 32. Shekara 60 a Hijiriyya kusan 58 ce a Miladiyya. Ga mutum ɗaya watanni ne, ga asusu mai dubban ɗaruruwan mutane dukiya ce. Gyaran 2024 ya koma lissafin Miladiyya ga waɗanda ya shafa, da shekarun ritaya masu hawa daga 58 zuwa 65. Wanda ya riga ya kai shekara 50 ta Hijiriyya, ko ya cika shekara 20 yana biya a ranar da dokar ta fara, yana nan a kan tsohon sharaɗinsa.

In an gano giɓin, yaya ake cike shi, kuma wa ke biya?

Mu ce mutum 5,000 aka haɗa wa, kowanne da giɓin 80,000. Riyal miliyan 400 ke nan. In aka biya shi nan take, magana ta ƙare. In aka raba shekara 10, kimanin miliyan 49 za a riƙa zubawa duk shekara, jimla ta kai 493. In aka raba shekara 20, kimanin miliyan 29 da rabi, jimla kusan 589. In kuma aka yi shiru, giɓin yana ƙaruwa da miliyan 16 a shekarar farko kaɗai, domin kuɗin da babu ba ya haihuwa, alkawarin kuwa yana matsowa. A kashi 4, cikin shekara 18 ya ninka. Duk abin da aka zuba ƙasa da miliyan 16 a shekara ba a taɓa uwar bashin ba.

Masu biya ba su wuce huɗu ba: baitulmali, ma'aikatar da ta amfana da aikin mutumin, shi ma'aikacin, ko ma'aikatan da ke tasowa ta hanyar ƙarin abin da ake cire musu da jinkirta ritayarsu. Na huɗun nan ba a shawartarsu, domin lokacin da aka yi alkawarin wasunsu suna goye. Ra'ayina shi ne duk hukumar da ta yanke shawarar haɗa wa mutane hidima ta rubuta farashin a takarda ɗaya da shawarar, ta faɗi wanda zai biya da shekarun da za a gama. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ma'aikaci ya cancanci shekarunsa, ɗansa da zai fara aiki gobe ma ya cancanci kada a miƙa masa bashin da bai san an ci ba.

Giɓi yana nufin ba za a biya ni wata mai zuwa ba?

A'a. Giɓin iktuwari awon shekaru masu yawa ne. Asusu yana iya samun giɓi babba kuma ya biya kowa a kan lokaci shekara da shekaru, tunda sababbin kuɗi na shigowa duk wata. Abin da yake nunawa shi ne in ba a canza komai ba, wata rana abin da ke fita zai rinjayi abin da ke shiga har a fara cin jari.

Mu baƙi da ke zaune da iƙama, wato takardar izinin zama, ina muka tsaya?

Reshen fansho na Ta'aminat na 'yan ƙasa ne, an cire baƙi daga cikinsa tun 1987. Baƙo yana cikin reshen haɗarin aiki kawai, kashi 2 cikin 100 da mai aiki ke biya. Abin da yake da shi a ƙarshe shi ne kuɗin ƙarshen hidima a dokar ƙwadago: rabin albashin wata ga kowace shekara a biyar na farko, cikakken wata ga kowace shekara bayan haka, a kan albashin ƙarshe. Wanda ya ajiye aiki da kansa yana samun sulusi in ya yi shekara 2 zuwa 5, kashi biyu cikin uku daga 5 zuwa 10, cikakke daga 10.

Nan ma maganar shekarun baya tana tasowa. In an sayar da kamfani, ko an mayar da mutum wani reshe mai rajista daban, ya tabbata an rubuta ko hidimarsa ta ci gaba ko an sallame shi an sake sabon lale. Mai shekara 12 a kan riyal 4,000 yana da 38,000 in hidimar a haɗe take. In an raba ta shida da shida, 28,000 ne, ko da albashin bai canza ba.

A Najeriya ma an yi irin wannan?

An yi, kuma darasi ne babba. Da aka kawo tsarin fansho na karo-karo a 2004, ma'aikatan tarayya da ke bakin aiki suna da shekarun da suka yi a tsohon tsari, wanda ba a tara masa kuɗi a gefe. Aka yi lissafin haƙƙinsu na baya aka mayar da shi bashi a kan gwamnati, doka ta ce a riƙa zuba kashi 5 cikin 100 na jimlar albashin wata a wani asusu a Babban Banki don biyansa. Abin da aka zuba bai riƙa isa ba, sai ga waɗanda suka yi ritaya suna jira watanni, wasu fiye da shekara, kafin haƙƙin nasu ya shigo. An amince da shekarun, an san adadin, kuɗin ne bai zo a kan lokaci ba.

Me zan duba kafin in nemi a haɗa mini?

Fara da ciro bayanin watanninka daga manhajar Ta'aminat, ka gwada shi da takardun ɗaukar aiki da na sallama da ke hannunka. In akwai watannin da ka yi aiki ba a yi maka rajista ba, ko aka rubuta albashi ƙasa da wanda ka karɓa, nemi gyara tun kamfanin yana raye kuma masu shaida suna kusa. Kada ka karɓi kuɗin sallama na tsarin farko don wata buƙata ta gaggawa kafin ka yi lissafin me zai hana ka. A misalinmu wanda ya karɓa ya saki riyal 3,000 na kowane wata. Ka nemi a rubuta maka fanshonka da haɗi da kuma ba haɗi, da ranar da za ka iya fita a kowanne. In shekarunka sun doshi 59, kada ka bari sai bayan Hajji.